ROLEX ƊIN AGBOWO: MAGANA GA MASU TARA AGOGON JABU

'Yan'uwana ɗalibai 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu, mu na Ibadan, da na Legas, Ife, Benin, Nsukka da Fatakwal. Rubutun nan da ɗan tsawo, kuma na san zai ɓata wa wasu rai, har da waɗanda muke haɗuwa da su a Sabo duk Juma'a bayan an sauko. Ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara jifa.

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo cikinmu 'yan shekarun nan, kuma ta fi ƙarfi a tsakanin mu 'yan mastas da masu neman dakta: tara agogunan jabu na manyan kamfanoni. Har guruf ake da shi a WhatsApp. Mutum ya sayi akwati mai gida shida ko goma sha biyu, ya jera Rolex, Patek Philippe, Audemars Piguet, wani ma har Richard Mille, ya ɗauki hoto ya ɗora a sitatus, a ƙasa ya rubuta wai shi mai sha'awar agogo ne. Ba sa son a ce jabu, wai kalmar ta yi nauyi. Sai su ce "kwafi", ko "sufa kulon", ko "wan-tu-wan". Ni kam jabu zan ce, don sunansa ke nan a Hausa. Matsayata kuma a fili take: wannan ƙaryar arziki ce aka sa mata rigar sha'awa. Tana cin aljihunmu, tana jefa rayuwarmu cikin haɗari, tana kuma taɓa abin da Bahaushe ya daɗe yana ci da shi a ƙasar Yarbawa, wato amana.

Kafin wani ya juya min magana, ba da ɗan'uwanmu mai talla nake ba, wanda ke yawo da faranti a Mokola ko Dugbe, ko yake bin motoci a go-sulo ɗin Legas da agoguna da tabarau. Wanda ya sayi agogon naira dubu biyar a hannunsa ya san me ya saya, wanda ya gani a hannunsa ma ya san mene ne. Duka na jabu ne a doka, amma babu wanda zai ga wannan ya ɗauka na miliyan goma ne. Da ku nake, masu digiri, masu bibiyar bidiyon yadda ake gane na gaske da na bogi, ba don ku guji na bogin ba, sai don ku zaɓi wanda ba za a gane ba. Nan ne matsalar take.

Bari mu fara da sanin abin da ake kwaikwayo. Hans Wilsdorf da Alfred Davis ne suka kafa kamfanin da ya zama Rolex a Landan a 1905, aka yi rajistar sunan a 1908, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kamfanin ya koma Jeneba ta ƙasar Suwizalan. A 1926 suka fitar da Oyster, agogon da ruwa ba ya shiga, a 1953 suka fitar da Submariner na masu nutso cikin teku, a 1963 kuma Daytona. Patek Philippe ya girme shi, tun 1839 yake. Audemars Piguet tun 1875. Royal Oak ɗin nan mai kusurwa takwas da kowa ke rububi, Gérald Genta ne ya zana shi ya fito a 1972, shi ne kuma ya zana Nautilus na Patek a 1976. Yau Submariner mafi sauƙin kuɗi ya haura dala 9,000 a shagon kamfani, in ma ka samu, don layi ake bi. In ka buga a naira 1,500 kowace dala, ka wuce miliyan 13. To ɗalibin da ke zaune a ɗaki ɗaya a Agbowo, yana haɗa kuɗin gas da abokin zamansa, shi ne zai ɗaura wannan a hannu ya shigo semina. Wa ake yaudara?

Su kuwa na jabun, mafi yawansu daga lardin Guangdong na Chaina suke fitowa, yankin birnin Gwanzu da 'yan kasuwarmu ke zuwa sari. Aji-aji ne. Akwai na ƙasa mai batir, ƙarfensa fenti ne kawai. Akwai na tsakiya mai inji na araha. Sai na sama, wanda ake kira sufa kulon, da suke kwaikwayon har cikin injin, kuɗinsa yakan kai dala ɗari uku zuwa ɗari biyar, wani ya wuce. Masana'antun ba su da adireshi, ba su da rajista, suna aiki da laƙabi, lokaci-lokaci 'yan sandan Chaina su kai samame su rufe wata, wata ta ɓullo. Ba ƙaramar harka ba ce: rahoton OECD da ofishin kare haƙƙin mallaka na Tarayyar Turai da ya fito a 2019 ya ƙiyasta cinikin kayan jabu a duniya a 2016 da dala biliyan 509, kashi 3.3 cikin 100 na cinikin duniya. Kuɗinka can yake tafiya, hannun mutumin da ba ka san fuskarsa ba, ba ka da inda za ka kai ƙararsa.

Yanzu mu yi lissafi, tunda duk mun yi kwas ɗin ƙididdiga. Dala 400 a naira 1,500, naira 600,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a kai a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan agogo ɗaya ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata takwas, har da canji. Alawus ɗin ɗan bautar ƙasa naira 77,000 ne, ya kusa cinye na wata takwas shi ma. A ce ba na sama kake saye ba, na tsakiya ne, a ce kowane dubu 150. Akwati mai gida shida ya tashi dubu 900. Kuma duk wannan bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira a Yunin shekarar, kuɗin mota daga Ojoo zuwa Kano ya ninka, kwanon shinkafa ya ninka. Mu da muka san abin da mastas ke ci: kuɗin makaranta, haya, data, fita fili tattara bayanai, kayan lab ga 'yan kimiyya, buga kundi da ɗaure shi, kuɗin buga maƙala a mujalla. Akwai cikinmu waɗanda furojet ɗinsu ya tsaya a babi na uku wata da watanni saboda wai babu kuɗin zuwa fili, amma agogo na shida yana hanya. Akwai wanda kuɗin makarantarsa tsohuwarsa ce ta sayar da tumakinta ta turo. Akwai wanda manhajar bashi ke tura wa duk lambobin wayarsa saƙon cin mutunci. Wallahi wannan ba sha'awa ake kiransa ba a gidanmu.

Na san amsoshinku, don na sha jin su. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Amsa ta farko: "Malam, ni injin nake so. Fasahar ce ke burge ni." Madalla. Agogon da ba ya amfani da batir abin burgewa ne ƙwarai. Wata siririyar igiyar ƙarfe ce ake wanawa ta riƙe ƙarfi, ta riƙa sakin sa a hankali ta cikin ƙananan haƙora, ga wata 'yar ƙafa tana lilo sau 28,800 a awa, wato sau 8 a daƙiƙa, ita ke raba lokaci. Mai motsi da kansa kuma akwai wani ƙarfe mai nauyi a bayansa da ke juyawa duk lokacin da ka motsa hannu, shi ke wana igiyar. In wannan kake so, kasuwa cike take da shi da sunan gaskiya. Seiko 5 tun 1963 ake yin sa, inji ne mai wana kansa. Akwai Orient, akwai Citizen. Akwai Vostok Amphibia na Rasha, tun 1967, mai jure ruwa har mita 200. In ma ɗan Chaina kake so, akwai Seagull na birnin Tianjin, suna yin injinsu da kansu, suna rubuta sunansu a fuskar agogon ba kunya. In kuma siffar Submariner ce ta tsaya maka a rai, akwai irin su Pagani Design da San Martin da ke yin mai kama da shi amma da tambarinsu. Da yawa cikin waɗannan sun fi sufa kulon ɗinka araha nesa ba kusa ba. To me ya hana ka sayen su? Amsar ɗaya ce: babu kambin nan mai tsini biyar a fuskarsu. Ashe ba injin kake so ba, sunan kake so. Gwajin mai sauƙi ne: in aka kankare tambarin daga kan agogon da ke akwatinka, za ka ƙara biyan dubu ɗari shida a kansa? Ka amsa wa kanka.

Kuma in maganar aikin agogo ce, wato faɗin lokaci, bari ku ji abin dariya. Tun da Seiko ya fitar da Astron a Disambar 1969, agogon hannu na farko mai aiki da ƙwayar kwaz da batir, aka gama wannan gasar. A yawancin agogunan kwaz na yau, ƙwayar tana girgiza sau 32,768 a daƙiƙa. Rolex na gaske alƙawarinsa shi ne ba zai wuce daƙiƙa 2 gaba ko baya a rana ba, wato zai iya kai minti ɗaya a wata. Casio F-91W, ɗan baƙin roban nan da ake yi tun 1989, alƙawarinsa daƙiƙa 30 a wata, batirinsa kuma kusan shekara bakwai. Ɗan Casio ya fi Rolex na gaske riƙe lokaci. To ina ga na jabu, wanda babu wanda ya yi maka alƙawarin komai a kansa? A fuskarsa an rubuta mita 300, amma ka ga masu shi suna cire shi kafin alwala suna sa wa a aljihu, sau biyar a rana, don sun san gaskiya. Damina ɗaya ta Ibadan ta ishe shi, ka ga gumi ya taru a cikin gilashi. Fentin zinaren ya koɗe a gefe, wani ma ya fito wa mutum da ƙuraje a wuyan hannu. In injin ya tsaya, ka kai wa mai gyaran agogo a Sabo, ya buɗe ya ce babu kayansa a kasuwa. Kamfanin da sunansa ke jiki ba zai taɓa shi ba. Wanda ya sayar maka kuma ya canza lamba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Amsa ta biyu: "Ai su ma Turawan cuta suke. Ƙarfe da gilashi ne za a sayar miliyan goma sha uku? Ba na tausayin su." Ni ma ba na tausayin su, ko kaɗan. Ban rubuta wannan don kare ribar wani kamfani a Jeneba ba. Na yarda mafi yawan kuɗin nan na suna ne da talla. A 2017 an sayar da Daytona ɗin ɗan wasan fim Paul Newman a kan dala miliyan 17.8 a gwanjo a New York, a 2019 aka sayar da wani Patek a kan kuɗin Suwizalan miliyan 31. Babu ƙarfen da ya kai haka, labari ake saye. Amma duba inda maganarka ta kai ka. In ka yarda cewa abin ruɗi ne, sai ka yi watsi da shi, ka ɗaura Casio ɗinka ka wuce. Kai kuwa ka ce ruɗi ne, sannan ka cire kuɗin hayarka ka sayi hoton ruɗin, ka ɗaura a hannu kana yi musu talla kyauta daga Bodija har Agbowo. Wanda ya raina abu ba ya kwana yana neman kamanninsa.

Amsa ta uku, ita ce ta fi taɓa ni, don akwai gaskiya a cikinta: "Ka san yadda ake kallonmu a nan. Da an ji sunanka ko an ga hularka sai a ce aboki, a ɗauka mai gadi ne ko mai shushaina. Dole mutum ya ɗau wanka ya kece raini." Ban musanta rainin ba. Duk wanda ya zauna a Kudu ya ɗanɗana, a mota, a wajen neman ɗakin haya, wani lokaci har a aji. Amma ku yi tunani. Wanda ya raina ka saboda inda ka fito, in ya ga Patek a hannunka abu biyu ne zai zo masa: ko ya ce jabu ne, ko ya ce ɗan ɓarawon gwamnati ne. Wanne ne ya kece maka raini a ciki? Kuma kada ku manta a cikin 'yan ajinmu akwai 'ya'yan masu shi na gasken, akwai waɗanda iyayensu ke da shago a Idumota da Balogun, da ido kawai suke gane kaya. Ranar da aka gane, ba za a ce wane ya sa jabu ba. Cewa za a yi, kun gan su, haka suke.

Ku duba tarihin unguwar da muke zuwa cin tuwo. An kafa Sabon Ibadan a 1916. Masanin nan Abner Cohen ya zauna a cikinta ya yi bincike a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969, duk ɗan soshiyoloji ya san shi. Abin da ya bayyana shi ne yadda fataucin shanu da goro ya tsayu a kan bashi da yarda: a kawo shanu daga Arewa, a ba mahauta Yarbawa bashi, maigida ya tsaya a tsakani da sunansa, babu takarda babu banki. Har yau masu canji a Sabo da magana suke juya miliyoyi. Yawancin dattawan nan ba su shiga jami'a ba, amma sun gina mana suna ɗaya a garin nan: in Bahaushe ya ce abu kaza ne, to shi ne. Mun kuma ga a rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 yadda zamanmu a nan yake da rauni, yadda abu kaɗan ke zama wuta. Wannan sunan shi ne garkuwarmu. Sai mu da aka turo mu karo ilimi mu zo mu fara koyon yadda ake nuna abu a matsayin abin da ba shi ba?

Sannan su wa muke kwaikwayo ma? A ƙasar nan, ina aka fi jin labarin irin waɗannan agoguna? Ramon Abbas, wanda aka sani da Hushpuppi, an kama shi a Dubai a Yunin 2020, kotu a Amurka ta ɗaure shi wata 135 a Nuwambar 2022. A cikin takardun tuhuma akwai agogon Richard Mille na kusan dala 230,000 da aka ce da kuɗin damfara aka saya. A 2019 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta mallaka wa gwamnati kayan ado na kimanin dala miliyan 40 da EFCC ta danganta da tsohuwar ministar man fetur Diezani Alison-Madueke, ciki har da agoguna 189. Ba na cewa duk mai Rolex na gaske ɓarawo ne, akwai waɗanda guminsu ne ya saya musu, Allah Ya ƙara musu. Amma mu da muke zama a majalisa muna zagin waɗanda suka cinye kuɗin asibiti da makaranta, mu ne kuma za mu ci bashi don mu yi kama da su a hoto. Wannan wane irin tunani ne?

Ga maganar tsaro kuma, wadda ba wasa a cikinta. Ɗan fashin da zai tare ka a Iwo Road da daddare ba ya yawo da gilashin duba agogo. Abin da ya gani shi ne miliyan goma sha uku a hannunka, kuma a kan haka zai yanke shawarar irin wuƙar da zai zaro. Duk mun ga abin da ya jawo zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020: matasa sun gaji da a tare su saboda waya mai tsada da sutura, a ce musu 'yan yahu. Kai kuma da hannunka ka ɗaura wa kanka alamar. Mafi muni, mu hanya muke bi. Daga nan zuwa gida sai ka ratsa Lokoja, Abuja, Kaduna, ko ka bi ta Ilori, Mokwa, Kontagora, wasunmu har Zamfara da Katsina. Allah Ya tsare, amma in mugun ƙaddara ta faɗa, wayarka za a fara buɗewa. Hoton akwatin nan shi zai yanke kuɗin fansarka. Sai ka tsaya a daji kana yi wa mai bindiga bayanin bambancin sufa kulon da orijinal? Mahaifinka da ke karɓar fansho ne zai biya kuɗin ƙaryar da bai san da ita ba.

Ko a gida ma ba ka tsira ba. Ka je hutu da shi a hannu, ƙannenka sun gani a TikTok sun san kuɗinsa, gobe labari ya zaga dangi cewa yaya ya samu. Buƙatu su fara zuwa, ka ce babu, a ce rowa. Ka je neman aure, gidan yarinya su auna lefe da abin da suka gani. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Amsa ta huɗu: "Ni ba na yaudarar kowa. Duk wanda ya tambaye ni ina faɗa masa kwafi ne." Mutum nawa ke tambaya? Cikin ɗari da suka ga hannunka, wataƙila biyu. Sauran sun tafi da abin da tambarin ya faɗa musu, kuma don ya faɗa musu hakan ka biya kuɗin. In da gaske ba ka son a ɗauka na gaske ne, me ya sa ka ƙara dubu ɗari biyu don a ba ka wanda ba a ganewa? Ban da haka, agogon ba ya mutuwa a hannunka. Ranar da kuɗin makaranta ya matse ka za ka sayar. Kai ka faɗi gaskiya, wanda ya saya ya faɗi rabi, na uku ya haɗa shi da kwali da katin garanti na bogi, waɗanda su ma sayar da su ake yi, ya kai wa wani alhaji a Kano ko wata amarya da ke son yi wa ango kyauta, a matsayin tokumbo na gaske. Algus ɗin da duk muka san hukuncinsa tun muna makarantar allo, kai ne ka shigo da kayan aikinsa. Su kuma masu cewa jari ne, ina roƙonku ku daina. Na gaske ne ke riƙe daraja, wani ma ya ƙaru. Na jabu da ka ɗaura shi sau ɗaya ya zama abin da mai saye ya ga dama.

Doka ma ba ta tare da ku. Kayan jabu suna cikin jerin abubuwan da hukumar kwastam ta Najeriya ta haramta shigo da su kwata-kwata, kuma dokar alamomin kaya ta ƙasar nan ta mai da sayar da kaya mai tambarin bogi laifi. Ku da kuke odar biyar ku sayar da huɗu a hostal don naku ya zo kyauta, kun tashi daga masu sha'awa kun koma dillalai. Masu burin fita waje yin dakta ko zuwa taron ƙara wa juna sani kuma su sani: a Suwizalan tun 2008 kwastam na da ikon ƙwace kayan jabu su lalata ko da na amfanin kanka ne, a Faransa kuwa riƙe shi ma laifi ne da ake cin tara a kai. Ka yi shekara kana neman gurbin karatu, ka je ka fara da jin kunya a filin jirgi saboda agogo.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ɗaliban bincike ne. A shafin farko na kundin da za mu miƙa, kowannenmu zai sa hannu cewa wannan aikinsa ne, bai kwafo na wani ba. Ana zuba rubutunmu a Turnitin don a kama satar fasaha. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo a Janairun 2024. Duk mun yi ta tsine wa masu digirin bogi, muka ce sun zubar wa wahalarmu daraja. To mene ne hujjar mai digirin Kwatano? Takardar ta yi kama da ta gaske, ba kowa ke ganewa ba, ta fi araha, kuma ai jami'o'in gasken ma suna tsawwalawa. Ku sake karanta wannan jimlar ku gaya min wace hujja ce a ciki ba ku taɓa kawowa a kan agogo ba. Ban ce laifin ɗaya ne ba, digirin bogi na iya kashe majiyyaci, agogo ba ya yi. Amma zuciyar da ta saba da "in dai ba a gane ba, shi ke nan" ba ta tsayawa a wuyan hannu. Gobe ita ce za ta cike takardun tambayoyi ɗari biyu a ɗaki ta ce daga fili suka zo.

Wani zai ce, to rigar Arsenal ko Barcelona da ake sayarwa dubu takwas fa? Ita ma jabu ce, ban wanke ta ba. Amma babu wanda ya taɓa cin bashi don ita, babu wanda ya sa ta don a ɗauka mahaifinsa minista ne, babu wanda aka yi garkuwa da shi saboda ita. Kowane abu da girman ɓarnarsa.

Ga abin da nake ba da shawara. Mai son agogo tsakani da Allah, ga fili nan a buɗe. Ka tara na gaske daidai ƙarfinka: Casio ɗaya na yau da gobe, G-Shock in kana zuwa fili, Seiko ko Orient ɗaya na Juma'a da biki. In tarihi kake so, ka nemi tsofaffin Seiko, Citizen da Rado irin waɗanda alhazan da ke dawowa da su daga Makka. Da yawa suna nan kwance a cikin adakar kakanninmu da teburan masu gyara. Ka karɓo na kakanka, ka kai a wanke injin a sa masa mai, ka zauna kusa da mai gyaran ka ga yadda ake buɗe shi, ka biya shi haƙƙinsa. Wannan agogon yana da labarin da za ka iya faɗa wa kowa kai tsaye, kuma kuɗinka ya shiga aljihun ɗan'uwanka mai sana'a.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin ɗaliban Arewa a makarantun nan, ku hana tallar jabu a guruf ɗin ƙungiya, kamar yadda kuke hana tallar caca. Masu adashin agogo, ku mai da shi adashin laftof, ko na kuɗin buga maƙala, ko na jarrabawar IELTS, ko asusun taimaka wa wanda kuɗin makaranta ya gagara. Masu akwati a cike, kada ku sayar wa kowa sai kun faɗi ainihin abin da yake, a rubuce, kuma ku yaga kwalin da katin bogin kafin ya bar hannunku. Ku 'yan'uwanmu mata, ku daina auna namiji da abin da ke wuyan hannunsa, don wani ɓangare na kasuwar nan saboda ku ake cin ta.

Wanda ke ganin na yi kuskure a wata hujja, bismillah, ya kawo tasa da ladabi, zan amsa. Amma don Allah kada wani ya ce min hassada ce, don babu mai yi wa mutum hassadar abin da ba shi da shi. Allah Ya ba mu sa'ar abin da ya kawo mu, Ya mai da mu gida lafiya da takardun da muka sha wahalarsu, Ya kuma hore mana na halal ɗin da za mu sayi abin da muke so da sunansa na gaskiya.